Tarihin Dazukan Yauri da Tafkin Kainji: Abin da Aka Gani Daga Sama

Kafin a tare kogin Kwara a Kainji, ƙasar Yauri ƙasa ce ta tsibirai da fadama da daji. Kogin yakan gangaro ta ƙasar Shanga, ya rarrabu a tsakanin gungu da gungu, ya wuce Yelwa da ƙasar Ngaski, sannan ya matse a duwatsun Bussa, inda Mungo Park ya halaka a farkon shekarar 1806. A kan tsibiran Gungawa ke zaune, suna noman albasa da ban ruwa na hannu, suna shuka shinkafa inda ambaliya ta janye. Sarkawa na kan ruwa da kwalekwalensu, Kambari da Dukkawa da Shangawa na noma a tudu, Fulani kuwa sukan sauko da rani domin shanunsu su ci burgu a bakin kogi. Da Richard Lander da ƙanensa John suka sauka a birnin Yauri a shekarar 1830, sun tarar da gari mai ganuwa, kewaye da gonakin shinkafa da albasa da baba da taba.

Duk wannan arziki a kan itatuwa ya dogara, ko da yake ba a cika ambatonsu a tarihin sarakuna ba. Daga gungumen maɗaci ake sassaƙa kwalekwale. Daga ɗorawa ake samun kalwa, mata su yi daddawa. Daga kaɗanya ake samun man kaɗe na girki da shafawa da fitila. Kirya ce gawayin maƙeri. Giginya ce azarar soro. A fadama giyayya da kanya ke riƙe gaɓar kogi da saiwoyinsu, a tudu kuwa doka da maje da marke ke tare ƙarfin ruwan sama har ya nutse cikin ƙasa, maimakon ya kwashe ta. Al'ada ta san darajar wannan, shi ya sa manomi idan ya yi sassabe yakan bar ɗorawa da kaɗanya da tsamiya a tsaye, kuma kowace bishiya mai 'ya'ya an san gidan da ke da hakkin tsinkarta. Babu doka a takarda, amma akwai mai gari da dattawa, akwai kuma kunyar a ce wane ya sare abin da kakansa ya bari.

Zuwan Turawa ya kawo wani tsari dabam. Dokar gandun daji ta shekarar 1916, wadda aka sake wa fasali a 1937, ta ba gwamnati da hukumomin En'e ikon keɓe yankuna a hana noma da saran itace a cikinsu, ta kuma ba da damar lissafa wasu itatuwa da ba a taɓa su sai da takardar izini. A Arewa, En'e ce ta riƙe mafi yawan wannan aiki, da malaman daji da masu gadi da ke ƙarƙashin sarki, kuma kuɗin izini da na tara suna shiga baitulmali. Tsarin ya kare wurare da dama, domin mai gadin ɗan ƙasa ne, bayansa kuma akwai alƙali da hakimi. Sai dai ya dasa wani tunani da ya daɗe bai gushe ba: cewa itace mai daraja na hukuma ne, talaka kuwa bai da komai a jikinsa sai tsoron tara. Daga nan daji ya fara rabuwa gida biyu a zukatan mutane, akwai na gwamnati da ake shiga a ɓoye, akwai kuma wanda ba a ɗauke shi na kowa ba.

Babban juyi ya zo bayan samun 'yancin kai. A 1961 kamfanonin Nedeco na ƙasar Holan da Balfour Beatty na Ingila suka miƙa rahotonsu kan gina madatsun ruwa a kogin Kwara, a 1962 aka kafa hukumar da za ta kula da aikin, a 1964 kuma aka fara gini a tsibirin Kainji da rancen Bankin Duniya da na wasu ƙasashe. A watan Agusta na 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka rufe ƙofofin madatsar, ruwa ya fara komawa baya. A watan Fabrairu na 1969 Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta. Tafkin da ya samu ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,270, tsawonsa kuma ya zarce kilomita 130, daga Kainji har zuwa Yelwa. Tsohuwar Bussa ta nutse, mafi yawan tsibirin Foge ya nutse, kuma an tashi mutane kimanin 44,000 daga gidajensu, akasarinsu daga masarautun Yauri da Borgu. A Yauri, zamanin Sarki Muhammadu Tukur ne wannan ƙaura ta auku.

Daji ya yi asara sau biyu a wannan lokaci, sau ɗaya a ƙarƙashin ruwa, sau ɗaya a tudu. An share wani sashe na kwarin kafin ruwa ya iso, amma dubban itatuwa an bar su a tsaye, suka mutu a cikin tafki, kututturansu suka zama maɓoyar kifi, suka kuma zama tarko ga taru da jiragen ruwa har zuwa yau. A tudu kuwa, mutanen da suka gaji noman ƙasa mai laka wadda kogi ke sabunta ta kowace shekara, sai ga su a sababbin ƙauyuka na gidajen siminti, a kan ƙasar da ba ta ba da amfani sai an sare daji an ƙone. Bagunge da ya saba cin abinci daga 'yar ƙaramar gonar albasa, yanzu sai ya share fili mai faɗi na dawa da gero kafin ya cika rumbu. Ba mugunta ce ta sa gatari ya shiga dajin Ngaski da Shanga ba. Larura ce, kuma waɗanda suka tsara madatsar sun auna ruwa da siminti da lantarki da kyau, amma ba su yi wa itacen tudu irin wannan lissafi ba.

Shekarun farko na tafkin shekarun yalwa ne. Ganyaye da ciyayin da suka ruɓe a ƙarƙashin ruwa sun zama taki, ƙananan halittu suka yawaita, kifi ya hayayyafa, har abin da aka kama a 1971 ya haura tan 28,000. Masunta suka yi ta kwararowa daga Argungu da ƙasar Nupe da wasu wurare masu nisa, kasuwar Yelwa ta cika da giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa da ƙurungu, motoci na ɗaukar kifin banda zuwa Kudu. To amma banda ba ta yiwuwa sai da itace, kuma kowane kwandon busasshen kifi da ya bar Yauri ya bar gurbi a dajin da ke kusa da gaɓa. Da takin farko ya ƙare, masunta kuma suka yi yawa, ga farin da ya fara a 1972 ya rage ruwan da ke shigowa, sai kamun ya faɗi ƙasa da tan 5,000 a 1978. Fari ya kuma turo makiyaya da manoma daga arewacin Sakkwato da Jamhuriyar Nijar zuwa wannan yanki mai laima, aka ƙara sassabe, aka ƙara saran rassa domin ciyar da dabbobi.

A daidai wannan lokaci ne aka sami sabuwar hanyar ganin ƙasa. Ranar 23 ga Yuli, 1972, shekara huɗu bayan cikar tafkin, Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na farko a jerin Landsat, wanda ke zagaya duniya yana ɗaukar hoton kowane yanki a kai a kai. Hikimar aikin mai sauƙin fahimta ce: ɗanyen ganye yana shanye jan haske, yana kuma mayar da wani haske da idon mutum ba ya gani; busasshiyar ƙasa da ruwa da toka kowanne da irin nasa yanayin mayar da haske. Idan aka ɗauki hoto da rani, bayan ciyawa ta bushe, abin da ya rage kore galibi itace ne ko noman fadama, idan kuma aka jera hoton bana da na shekara goma da suka wuce, za a ga inda daji ya zama gona. Nijeriya ma ba ta tsaya kallo ba. Tsakanin 1976 da 1978 sashen kula da dazuzzuka na tarayya ya sa aka bi ƙasar gaba ɗaya da jirgin sama mai na'urar rada, wadda gajimare da hazo ba sa tare mata gani, aka fitar da taswirar tsirrai da gonaki ta ƙasa baki ɗaya. Wannan taswira ce ta zama ma'aunin da aka riƙa komawa gare shi daga baya.

Yayin da ido ke ƙara kaifi a sama, hannun da ke tsaron daji a ƙasa sai ƙara sanyi yake yi. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta mayar da ikon filaye hannun gwamna, kula da gandun daji kuma ya koma ma'aikatun jiha waɗanda ke nesa, masu ƙarancin ma'aikata da abin hawa. Yauri ta fita daga Jihar Arewa maso Yamma ta shiga Jihar Sakkwato a 1976, sannan ta shiga Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma a tsawon wannan lokaci an fi kallon daji a matsayin hanyar kuɗin shiga fiye da amanar da za a tsare. Akwai wuri ɗaya da aka bi akasin haka. A 1979 gwamnatin tarayya ta haɗa gandun namun daji na Borgu da ke yammacin tafkin da na Zugurma da ke kudu maso gabashinsa, ta kafa Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji, na farko irinsa a Nijeriya, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 5,340, da masu gadi da kasafi na kansa. Ba da niyya ba, aka kafa gwaji: ƙasa iri ɗaya, ruwan sama iri ɗaya, wani sashe da tsaro, wani babu.

Sakamakon farko na kwatanta hotunan sama ya fito a 1998, lokacin da sashen tsara ayyukan dazuzzuka na tarayya, da tallafin Bankin Duniya, ya kwatanta taswirar 1976 zuwa 1978 da hotunan tauraron ɗan'adam na 1993 zuwa 1995. Binciken ya nuna cewa a faɗin ƙasar, dajin itatuwa irin na tsakiyar Nijeriya, wanda kudancin Kebbi ke bakin iyakarsa, ya ragu da kusan rabi cikin ƙasa da shekara 20, gonaki sun faɗaɗa, zaizayar ƙasa kuma ta ninka sau da yawa. Abin da tsofaffin Yelwa da Wara ke faɗa da baki, cewa wurin da ake jin tsoron shiga da rana ya zama fili fetal, sai ga shi a rubuce da alƙaluma.

Domin a gane nauyin wannan asara ga tafkin, sai an san yadda ruwa ke shigarsa. Kainji na karɓar ambaliya biyu a shekara. Farin ruwa yana zuwa daga Agusta zuwa Oktoba, ruwan daminar kusa ne, daga gulbin Sakkwato da Malendo da ƙananan rafuka, ɗauke da laka. Baƙin ruwa kuwa daga tsaunukan ƙasar Gini yake tasowa, ya sauke lakarsa a manyan fadamun ƙasar Mali, ya iso nan garau a tsakiyar rani. Baƙin ruwa ba a hannun mutanen Yauri yake ba, amma farin ruwa halin ƙasarsu yake ɗaukowa. Inda aka tuɓe tudu daga itatuwa, ruwan sama yakan gudu da ƙarfi, ya yanka kwazazzabai, ya kwashe ƙasar noma ya zube ta a bakin tafki. Hotunan sama na nuna wannan gurɓataccen ruwa a mashigar rafuka. Lakar takan cike wuraren da kifi ke ƙwai, ta toshe hanyoyin jirage, ta kuma rage wurin ajiyar ruwan da injinan Kainji masu ƙarfin megawat 760 ke dogaro da shi. Ruwan da bai nutse a tudu ba kuwa shi ne rijiyar da ke ƙafewa da wuri, shi ne kuma ambaliyar da ke zuwa da gaggawa. Haka asarar take bin gida gida: masunci ya rasa kifi, makiyayi ya rasa ganye da inuwa, mace ta ƙara nisan tafiya neman itace da kalwa, mai sana'a a birni mai nisa ya rasa wuta.

Sabon ƙarni ya sauƙaƙa samun shaida. A watan Satumba na 2003 aka harba NigeriaSat-1, tauraron ɗan'adam na farko mallakar Nijeriya. A 2008 Amurka ta buɗe rumbun hotunan Landsat kyauta ga kowa, har ɗalibi a jami'a ya sami ikon jera shekaru 30 na ƙasarsu a kan kwamfuta. A wannan shekara ta 2008 ne kuma aka sanya tsibiran Foge, ragowar tsohon tsibirin da ke ɓullowa idan ruwa ya janye, cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, saboda tsuntsayen da ke sauka a can. A 2016 hukumar binciken ƙasa ta Amurka da ƙungiyar CILSS ta yaƙi da fari a Sahel suka wallafa kundin taswirorin Afirka ta Yamma, wanda ya nuna cewa gonakin damina a Nijeriya sun tashi daga kimanin kashi 20 cikin 100 na ƙasar a 1975 zuwa kimanin kashi 40 a 2013. Cikin misalan da kundin ya kawo har da kewayen Zugurma, inda a tsakiyar shekarun 1970 ba a iya bambanta gandu da dajin da ke wajensa, amma bayan shekara 40 gandun ya tsaya shi kaɗai da iyakokinsa a fili, gonaki sun kewaye shi ta ko'ina. Gwajin 1979 ya ba da amsarsa: inda aka yi tsaro da gaske, daji ya tsaya.

Amma hoton sama yana da iyaka, kuma shekarun baya-bayan nan sun nuna ta. Kowane ɗigo a hoton Landsat fili ne na mita 30 a kowane gefe, don haka ɗorawa ɗaya a tsakiyar gona ba ta cika bayyana ba, alhali ita ce ke ciyar da gida. Haka nan idan aka zaɓi manyan itatuwa aka sare, aka bar ƙanana, daji yakan ci gaba da nuna kore alhali an cire masa ƙarfi. Haka ta faru da madobiya, wadda aka yi ta kwasa daga dazukan Nijeriya zuwa Sin har aka sanya ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu a 2017. Haka ke faruwa da kirya da marke, har da kaɗanya, a hannun masu gawayi, musamman tun da kalanzir da gas suka fi ƙarfin talaka. Shirin bashin noman shinkafa da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015 ya ƙara wa jihar abinci da suna, amma ya ƙara matsa wa fadama da bakin kogi, haƙar zinari a ƙasar Yauri da Ngaski kuma ta bar ramuka inda da akwai itatuwa. Sannan rashin tsaro ya zo. Ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka sace ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, kuma tun daga wancan lokaci daji ya zama wurin da malamin daji da mai bincike ke shakkar takawa. Gonar da aka gudu aka bari takan yi kore a hoto, wanda bai san ƙasar ba sai ya ɗauka farfaɗowa ce.

Bayan darasin Zugurma, darasi na biyu daga arewa ya zo, daga ƙasar Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, manoman can sun fara abin da suke kira sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗawa tun 1983: maimakon a tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, sai a zaɓi mai ƙarfi a gyara shi a bar shi ya girma a cikin gona. Abin bai bunƙasa ba sai da manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, ba na ma'aikacin daji ba, kuma dokar dazuzzuka ta Nijar ta 2004 ta ƙarfafa wannan fahimta. Da Gray Tappan da Chris Reij da abokan aikinsu na Nijar suka kwatanta hotunan jirgin sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam na bayan shekara ta 2000, sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, gawo na kan gaba a wurare da yawa. Ƙasar da ruwan samanta bai kai na Yauri ba ta ƙara itatuwa a daidai lokacin da mutanenta ke ƙaruwa. Yawan jama'a, ashe, ba shi kaɗai ke yanke wa daji hukunci ba.

Yau kayan aiki sun wadata fiye da kowane zamani. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai, tun daga 2015, suna gani har zuwa mita 10 kuma kyauta ne; a 2020 kuma masu bincike, da wasu hotuna da suka fi waɗannan kaifi, suka ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya, fiye da biliyan 1.8, a yammacin Sahara da Sahel. Kebbi na cikin jihohin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, tana kuma cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamba 2021 domin gyara ƙasa da magudanan ruwa a Arewa. Tarihin shekaru 50 na bakin Kainji ya riga ya nuna inda ya kamata wannan dukiya ta dosa. Itace ya tsira a wuri biyu: inda hukuma ta tsare da gaske, da inda manomi ya san nasa ne. Ya hallaka a tsakanin biyun, inda doka ta ƙwace shi daga hannun mutane ba ta kuma aiko mai gadi ba. Saboda haka taswirar da aka zana a Abuja ko Jos ba ta gama aikinta ba sai ta isa fadar Sarkin Yauri da zauren hakiman Ngaski da Shanga, an karanta ta da Hausa a gaban sarkin ruwa da arɗo da matan da ke daddawa, an shata iyakar gandu da yardarsu, an bar ɗamarar itatuwa a bakin kowane rafi da ke shiga tafkin, an kuma tabbatar wa manomi a rubuce cewa bishiyar da ya raina a gonarsa tasa ce da 'ya'yansa. Idan aka yi haka, hotunan shekaru 20 masu zuwa za su nuna ƙaruwa. Idan ba a yi ba, za su ci gaba da lissafa asara daidai, ba tare da sun hana ta ba.